Kwabo Mai Huji da Tagogin Hajiya Kulu

Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wai aikin taga ba wani aiki ba ne, katako huɗu ne a haɗa baki a buga ƙusa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Katako huɗu! Kai jama'a. To ku matso, ku ajiye wayoyin nan, in ba ku labarin tagogin Hajiya Kulu, waɗanda saura ƙiris su rufe shagon nan da kuke zaune a ciki kuna miƙe ƙafa.

Ni Manu ban tashi da zarto a hannu ba. Ɗan manoma ne ni, gero da dawa kawai na sani. Babana ne ya kawo ni birni ya damƙa ni a hannun Malam Yohanna, wani Kirista mutumin Zuru, wanda a lokacin duk unguwar Gidan Igwai babu kafinta kamarsa. Ya ce masa, "Ga shi nan, in ya yi lalaci ka buga." Malam Yohanna bai taɓa duka na ba. Abin da yake yi ya fi duka ciwo. Sai ya ɗauki kujerar da ka wuni kana haɗawa, ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce, "Manu, wannan akuyar wa za mu ɗaure a jiki?" Sauran almajiran sana'a su fashe da dariya, kai kuma ka rasa inda za ka sa kanka.

Aikin farko da ya ba ni juya katako ne. Katakon da ake kawowa daga Kudu da ruwansa yake zuwa, in ka taɓa shi har sanyi za ka ji. Ka kuskura ka yi taga da shi haka, ranar Sakkwato za ta murɗe maka shi kafin mai gida ya gama gode maka. Don haka sai a jera shi ƙarƙashin rumfa, a sa tsinke tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a riƙa juya shi har rani ya shiga ya fita. Ni ne mai juyin. Na juya katako har na fara mafarkinsa. Bayan nan aka ba ni filen, magogin da ake sassabe fuskar katako da shi, sai cizal, sai zarto. Sukwaya kuwa, wadda ake duba daidaiton kusurwa da ita, sai da gemuna ya fara tsirowa aka yarda na taɓa ta.

Amma babban kayan aikin shagon ba ya cikin akwati. A wuyan Malam Yohanna yake rataye da zare: kwabo biyu na da, masu huji a tsakiya. Ku ba ku san su ba. Da aka canja kuɗi aka kawo naira, kowa ya zubar da nasa, yara suna wasa da su a lungu, shi kuwa ya zura nasa a zare. Ga amfaninsu. Katako ko ya bushe ba ya mutuwa. Da rani ya tsuke, da damina ya sha iska mai laima ya kumbura. In kana rataya ƙyauren taga a tsakiyar bazara, sai ka haɗa kwabo biyu ka zura tsakanin ƙyaure da firam, ka bar wannan tazarar don kumburin da ke tafe. In da damina ne, kwabo ɗaya ya isa, don ya riga ya kumbura. Kafin Malam Yohanna ya taɓa hinji sai ya fita waje ya ɗaga kai ya dubi sama. Baƙo ya gan shi sai ya zaci addu'a yake yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tagar katako tana da nata wahalar. Maɗaci mai kyau, wanda ɗacinsa ke korar gara, bai taɓa araha ba. Farin katako yana da sauƙin kuɗi, amma wannan ka yi wa gara walima ne. Duk shekara sai ka shafe ta da fenti ko mai, gefen da ke shiga bango kuma sai an jiƙa shi da baƙin man mota kafin magini ya kama shi da siminti. In ka yi sakaci ta tsage. Amma ku je ku dafa ta da tsakar rana a watan zafi. Lafiya lau. Ba ta ɗaukar wuta ta zuba maka a ɗaki, ba ta tsatsa, ba ta ƙara in iska ta kaɗa ta, kuma in gefe ɗaya ya lalace a cire shi a sa wani, ba sai an fasa bango ba.

To, sai kuɗin mai suka zo. Ku ba ku ga wannan zamani ba, shi ya sa kuke da hankali. Soja ke mulki, Sakkwato ta zama babban birnin jiha, ko'ina gini, ko'ina kwangila. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya, gari ya rikice. Masinja ya sayi babur bai iya hawa ba, sai ya riƙa tura shi zuwa ofis. Wani ya sayi firji alhali unguwarsu babu lantarki, ya mai da shi ma'ajiyar riguna. Kowa kuma ya ce shi tagar ƙarfe yake so, mai gilasai falle-falle irin ta ofishin gwamnati. Wani mai walda ya buɗe shago daidai tsallaken titi yana kallonmu. Daga safe zuwa magariba tartsatsi ke tashi a wurinsa, mu kuma muna korar ƙuda.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Masu kwangila suka saye katakon kasuwa kakaf don zuba kankare, farashi ya haura. Masu gida suka koma ƙarfe. Abokan koyona suka watse, wani ya tafi lebura, wani ya bi motar yashi, wani ya shiga soja. Aka bar ni da Malam Yohanna muna gyaran ƙafar benci da akurkin kaji. Abin da ya rage mana na kirki shi ne wani tulin maɗaci da ya gama bushewa a bayan rumfa. Ɗan kwangila ya zo ya taya, Malam Yohanna ya ce maɗacinsa ba zai sha siminti ba. Amma rannan ya zaunar da ni ya ce, "Manu, in daminar bana ta wuce mutane ba su dawo wa katako ba, zan koma Zuru in noma dawa. Kai ma ka koma wurin babanka." Har igiyar ɗaure akwatin kayan aiki ya saya ya rataye a ƙusa, kullum ina kallonta.

Ana cikin zafin bazara, irin wanda kwalta ke kama takalmi, sai ga wata dattijuwa ta faɗo shagon ko sallama ba ta gama ba. Hajiya Kulu ke nan, mai sayar da shinkafa, gwauruwa, gajera, muryarta ta fi jikinta girma. Ɗanta Bello akawu ne, ya gina musu gida a unguwar Runjin Sambo da kuɗin ariyas, ya zuba tagogin ƙarfe ko'ina.

Ta ce, "Kai na Yohanna kahinta?"

Ya ce, "Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

Ta miƙa masa hannu, ga tabon ƙuna a damtse. "Duba nan. Taga ta, ba murhu ba! Jingina kawai niy yi. Ɗana ya gina min tanda ya ce ɗaki na. Ni ta icce nika so, irin ta gidan ubana. A cire min wagga masiha."

Malam Yohanna ya faɗi kuɗi, ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce ko da zinari za a yi ta. Ta fita, ta dawo, ta sake fita har bakin titi, mai walda yana mata murmushi, ta harare shi ta dawo. Aka daidaita. Wallahi ranar da rawa na je sayen hinji.

Tagogi biyu ne, kuma ban taɓa ganin Malam Yohanna ya yi aiki kamar su ba. Babu ƙusa ko ɗaya a kusurwar firam, huda aka yi da cizal, wannan ya shiga cikin wancan, aka soke da turaku na icce. Ƙyauren kuwa ya goge shi har kana ganin inuwarka. Muka kai, magini ya fasa ya cire na ƙarfe ya kama namu. Da siminti ya kama, Malam Yohanna ya fita tsakar gida ya dubi sama, babu ko ɗigon girgije. Ya ciro kwabo biyu ya zura, na ɗaure hinji. Muka rufe, muka buɗe, shiru kamar ba a taɓa komai ba.

Hajiya ta shiga ɗaki ta rufe tagogin don ta gwada. Sai muka ji ihu.

"Mi na wanga? Haske nika gani! Kun ci kuɗɗina kunka bar min rami!"

Malam Yohanna ya yi mata bayani daga bakin ƙofa, da ladabi, cewa katako zai kumbura in ruwa ya sauka, tazarar za ta rufe da kanta.

Ta ce, "Icce da anka sare tun bara shi ka kumbura? Ciki gare shi? Ta nan ƙadangare ka zuro wutsiya, ta nan kunama ka shigowa. Ku toshe min."

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri har ruwan fari. In ba ta rufe ba, ki kira ni in cinye kwabon nan a gabanki."

Ta ce ta ji. Da na san Hajiya Kulu a lokacin kamar yadda na san ta daga baya, da na gane wannan "na ji" ba ta alheri ba ce.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka, gari ya yi laima. Rannan da la'asar sakaliya, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, sai ga Bello da kansa a kan babur, babbar rigarsa duk taɓo. Ashe ranar sunan ɗansa ne. Ruwan ya bi ta tsakanin gilasan falo ya jiƙa kujeru, don haka aka kwashe mata masu yinin suna gaba ɗaya, har da mai jego da jariri, aka cusa su ɗakin Hajiya, aka rufe tagogi. Da ruwa ya ɗauke rana ta buɗe, aka zo buɗe taga, taga ta ce ba ta san zancen ba.

Bello bai ko sauka ba. Ya ce, "Malam Yohanna, tagoginka sun kulle mata cikin zuhwa! An tura, an ja, an buga da taɓarya. Na hwaɗa ma mai walda ya zo da ƙarhe ya ɓalle su, gobe a mai da na da."

Ya juya ya tafi. Muka duba tsallake, mai walda har ya ɗaure ƙaton ƙarfen ɓamɓare a bayan babur ɗinsa yana ta faman tayar da shi. Ku gane abin da ke nan. Matan Runjin Sambo, da na Gidan Dahala, da dangin mai jego daga ƙauye, duk suna cikin ɗakin nan. In aka ɓalle tagar Yohanna a gaban idonsu, kafin isha'i duk Sakkwato ta ji, kuma ba sai mun jira ƙarshen damina ba, gobe za a sauko da igiyar nan daga ƙusa.

Keke ɗaya gare mu. Ni ke tuƙi, Malam Yohanna a baya ya rungume jakar kayan aiki, yana ta faɗi, "Kwabo biyu na sa, Manu! Ko ba biyu na sa ba?" Ina cewa, "Biyu ne, Maigida, riƙe ni da kyau!" Muka faɗa kwata muka fito, muka tarwatsa agwagin mutane, takalmina ɗaya ya tafi ban waiwaye shi ba. Allah ya taimake mu babur ɗin mai walda ya sha ruwa a wani kududdufi. Muka wuce shi yana dukan kik, Malam Yohanna har da ɗaga masa hannu, "Sannu da aiki!"

Muka zagaya ta bayan ɗakin. Daga waje kana jin hayaniya, jariri na tsala kuka, wata na cewa a yi mata fifita za ta faɗi, muryar Hajiya kuma ta danne ta kowa tana ambaton sunan Yohanna ba da alheri ba. Malam Yohanna ya dafa ƙyaure, ya ja, ko motsi. Ya sunkuya ya kai ido bakin tazarar. Ya daɗe a haka. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na zaci kuka yake, ashe dariya ce. Ya ce, "Manu, zo ka gani. Tagarmu ta sa takalmi."

Na duba. Wani siririn abu ja ya leƙo tsakanin ƙyaure da firam, daga sama har ƙasa. Jar fata ce, irin wadda dukawa ke ɗinka jaka da ita. Ashe muna barin gidan Hajiya ta aika aka kira mata baduku, ya yanko zirin fata ya bi gefen ƙyauren da ƙananan ƙusoshi, ya toshe tazarar tsaf. Aiki mai kyau kuwa, har da ɗan ado a kusurwa. Da katako ya zo kumbura ya tarar an zaune masa wuri, sai ya matse fatar ya cije.

Hinjin ta waje yake, don haka muka kwance shi, Malam Yohanna ya sa cizal a hankali ya ɗaga, ƙyaure ya fito gaba ɗaya a hannuna. Wani tururi ya bugo ni, haɗe da turare da zufa da ƙamshin kunun kanwa. Ga fuskokin mata cike da taga, ɗankwali duk ya karkace, kowa na haki. Muka kau da kai muka yi sallama. Hajiya ta ture su ta leƙo.

Malam Yohanna ya ɗaga zirin fatar da ya fizge da filaya, ya ce, "Hajiya, wannan dabbar a ɗakinki muka kama ta."

Ta dube shi, ta dubi fatar, ko gezau. Ta ce, "To mi? Kai kab bar rami, ni nit toshe. Wa yaf fi wani gaskiya?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Muka cire sauran fatar, muka mai da ƙyaure, muka yi wa ta biyun haka. Sannan Malam Yohanna ya ce Hajiya ta rufe da hannunta ta duba. Ta rufe. Muka ji tana cewa a kawar da kai a ba ta wuri, tana bin gefen da ido. Babu haske ko na allura. Ta tura da yatsa ɗaya, taga ta buɗe, iska mai sanyi ta shiga. Ta rufe, ta buɗe, ta rufe, ta buɗe, kamar yarinya ta sami abin wasa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Daidai nan mai walda ya iso, jiƙe sharkaf, da ƙarfensa a kafaɗa. Hajiya ta leƙo ta ce, "A ba bawan Allah wanga waina, ya sha hanya."

Ba a yi mako ba mata suka fara aiko mazajensu. Ba wai gari ya bar ƙarfe ba ne, a'a, falo na ƙarfe ne don baƙi su gani. Amma ɗakin da za a kwana, uwar gida ta ce ita irin ta Hajiya Kulu take so. Tulin maɗacin nan ya ƙare kafin kaka, muka sayo wani muka jera, na koma juyi.

Kuna zaton an gama? Da rani ya dawo katako ya tsuke, haske ya sake bayyana. Sai ga Hajiya a shago da zirin fatarta a ƙulle cikin gefen zane, ashe ba ta yar ba. Ta ajiye a kan benci ta ce, "To, malam mai kwabo, yanzu hwa? Icce ya haihu, cikin ya sace. In bar kunama ta shigo?"

Malam Yohanna ya miƙa hannu. Ya ɗauki fatar ya juya ta, ya sake juya ta, irin juyin da yake yi wa kujerata. Ina jira ya tambayi akuyar wa za a ɗaure. Sai ya ce, "Manu, ɗauko ƙananan ƙusoshi. Hajiya ta fi mu gaskiya rabin shekara."

Daga ranar ya zama tsarin shagon nan. Da rani mu bi gidajen da muka yi wa aiki mu sa fata, kafin ruwan fari mu bi mu cire. Wannan zagayen ne ya riƙe mu, don duk gidan da ka shiga sai an nuna maka ƙofar da ke ciza ko gadon da ke kuka, kuma maƙwabci ya leƙo ya ce shi ma a auna masa. Hajiya kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda an karɓi ko sisi a hannunta na wannan aikin ba, wai ita ta koya mana sana'a. Igiyar da aka saya don ɗaure akwati, da ita muka riƙa ɗaure katako a kan keke har ta tsinke. Malam Yohanna bai koma Zuru ba sai da idonsa ya daina ganin layin fensir, kuma ranar da zai hau mota ya cire zaren nan daga wuyansa ya rataya mini.

Ga su nan, ku taɓa. Sun side har rubutun ya ɓace. Kai mai cewa katako huɗu, tashi ka fita waje ka dubi gabas, ka ga abin da ke haɗuwa. Ɗauki filaya ka hau babur ka tafi Runjin Sambo, gidan Bello akawu. Jaririn da ya yi ta kuka ranar nan shi ne mai gidan yanzu, har da furfura. Tagogin falo an canja su ban san iyaka ba, na ɗakin kakarsa kuwa suna nan. Ka cire musu fata kafin ruwan ya sauko, don matarsa jikar wata ce daga cikin matan da suka sha zufa a ɗakin, kuma ta gaji bakin kakarta.